Wa zai tsaya wa yaron nan? Fafutukar ceto karatun yara maza baƙar fata a Amurka

A shekarar 2016 wasu masana a Jami'ar Yale da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin Walter Gilliam, sun tara malaman makarantun rainon yara su 135, suka zaunar da su gaban kwamfuta, suka kunna musu bidiyon yara huɗu suna wasa a cikin aji: namiji da mace baƙar fata, da namiji da mace farar fata. Aka ce wa malaman su zuba ido, da zarar sun ga alamar wani yaro zai yi rashin ji su danna maɓalli. Abin da ba a faɗa musu ba shi ne, babu yaron da ya yi wani laifi a bidiyon daga farko har ƙarshe.

An ɗaura wa kwamfutar wata na'ura mai bin motsin ƙwayar ido. Da aka duba, sai aka ga idon malaman ya fi daɗewa a kan namijin nan baƙar fata. Da aka tambaye su wane yaro ne ya fi buƙatar a sa masa ido, kashi 42 cikin ɗari suka nuna shi, fiye da kowane daga cikin sauran ukun. Kuma har da malaman da su ma baƙar fata ne. Ka ga ke nan yaro bai kai shekara biyar ba, bai ma gama koyon riƙe fensir ba, amma an riga an zauna ana jiran laifinsa.

Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu da matsalar Amurka? Da ruwanmu. Gidaje nawa ne a zangunanmu da ba su da ɗa ko ƙane ko ɗan'uwa a can? Unguwar Bronx da ke birnin New York cike take da mutanen Nima da Mamobi da Kumasi da Tamale. Ɗansu da aka haifa a can, ran da ya shiga aji babu mai tambayar daga wane zango kakansa ya fito. A takarda da kuma a idon malami, shi yaro ne baƙar fata, kuma duk abin da ke bin yaran nan zai bi shi. Bayan wannan, duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san irin yaron da ake magana a kai: mai ƙiriniya, mai zama a bencin baya, wanda aka fi sanin sunansa wajen horo fiye da wajen yabo.

Abin da alƙaluma suka nuna

A shekarar 2014 ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar ilimin Amurka ya fitar da alƙaluman da suka girgiza mutane. Yara baƙar fata su ne kashi 18 cikin ɗari na 'yan makarantun raino, amma su ne kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka dakatar daga makaranta fiye da sau ɗaya. Rahoton ya kuma ce ana dakatar da ɗalibai baƙar fata ko a kore su ninki uku na yadda ake yi wa fararen fata. A 2018 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin ƙasar ya sake dubawa, ya samu cewa baƙar fata kashi 15.5 ne na ɗaliban makarantun gwamnati, amma kashi 39 ne na waɗanda ake dakatarwa, kuma maza sun fi mata shan wannan hukunci.

Duk malami ya san abin da dakatarwa ke haifarwa. Yaron da aka kora gida na mako guda ya rasa darasi. Ya dawo bai gane inda aka kwana ba, sai ya ji kunya, sai ya rufe kunyar da tsiwa ko da wasa, sai a sake korarsa. Kafin a ankara titi ya fi masa aji daɗi. A makarantun Amurka da yawa kuma akwai 'yan sanda a cikin harabar makaranta, don haka faɗan da a wani wuri zai ƙare a ofishin hedimasta, a can yana iya ƙarewa a gaban alƙali. Shi ya sa Amurkawa suke kwatanta lamarin da bututun da ya taso daga aji ya zarce gidan yari.

Wani zai ce ai talauci ne kawai. An gwada wannan zance. A 2018 Raj Chetty da abokan aikinsa sun bi diddigin yara kusan miliyan 20 daga ƙuruciya har suka girma suka kama aiki. Suka samu cewa ko da iyaye suna samun kuɗi daidai, ko da a unguwa ɗaya yaran suka tashi, namiji baƙar fata yakan ƙare da samun da bai kai na takwaransa farar fata ba, kuma haka abin yake a kashi 99 cikin ɗari na unguwannin ƙasar. Tsakanin 'yan mata baƙar fata da farar fata da suka fito daga gidaje masu samu iri ɗaya, ba a ga irin wannan giɓin ba. Wato akwai wani nauyi na daban da ke kan wuyan namijin.

Amma a cikin wannan binciken akwai wani abu da ya kamata a tsaya a kai. 'Yan unguwannin da yara maza baƙar fata suka fi yin nasara sun haɗu a kan wasu siffofi, kuma ɗaya daga ciki shi ne yawan iyaye maza baƙar fata da ke zaune a gidajensu a unguwar. Abin mamakin shi ne, amfanin ya shafi har yaron da nasa uban ba ya nan. Ganin dattawa da magidanta a layi, suna fita aiki suna dawowa, suna tsawatarwa, shi kansa kariya ne. Bahaushe ya daɗe da cewa ɗa na kowa ne. Ga shi masana tattalin arziki sun zo da lissafi sun tarar da shi a wurin.

Ina malaman suka tafi?

A yau maza baƙar fata ba su wuce kashi 2 cikin ɗari na malaman makarantun gwamnati a Amurka ba. Yaro yana iya yin shekara goma sha biyu a makaranta bai taɓa ganin mutum mai kama da shi tsaye gaban allo ba.

Da can ba haka abin yake ba. A zamanin bauta, jihohin kudu da dama sun kafa dokar hana koya wa bawa rubutu. Karolina ta Kudu ta yi tata tun 1740. Da aka 'yanta bayi a 1865, abin da suka fara runguma shi ne makaranta, kuma aikin koyarwa ya zama aikin daraja a cikinsu. Daga baya Booker T. Washington ya haɗa hannu da attajiri Julius Rosenwald, aka gina makarantu kusan 5,000 a ƙauyukan kudu zuwa 1932, inda jama'ar gari da kansu suke ba da fili da kuɗi da ƙarfinsu.

A 1954 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya haramta raba makarantu bisa launin fata. Babbar nasara ce, amma ta zo da asarar da ba a cika faɗa ba. Da aka haɗe makarantu, na baƙar fata aka rufe, kuma fararen iyaye da yawa ba su yarda baƙin malami ya koyar da 'ya'yansu ba. An ƙiyasta cewa malamai da shugabannin makarantu baƙar fata kusan 38,000 ne suka rasa aikinsu a cikin shekara goma da 'yan kai bayan hukuncin. Yaran sun samu sabbin gine-gine da littattafai, amma sun rabu da mutanen da suka san iyayensu, suka kuma yarda da ƙwaƙwalwarsu.

Me rashin irin wannan malami ke jawowa? Malcolm X ya ba da labarin cewa yana aji takwas a jihar Mishigan, yana cikin masu ƙoƙarin ajin, ya faɗa wa malaminsa farar fata yana son zama lauya. Malamin ya ce masa wannan ba buri ba ne da ya dace da baƙar fata, gara ya koyi kafinta. Daga wannan shekarar bai ƙara ci gaba da karatun boko ba. Sai a gidan yari ya koma wa littafi.

A 2017 Seth Gershenson da abokansa suka auna ɗaya ɓangaren. Sun duba bayanan ɗalibai a jihar Karolina ta Arewa, suka samu cewa yaro namiji baƙar fata ɗan gidan talakawa, idan ya samu malami baƙar fata ko da guda ɗaya tsakanin aji uku zuwa aji biyar na firamare, yiwuwar ya bar sakandare bai gama ba tana raguwa da kashi 39 cikin ɗari. Malami guda, a shekara guda, amma tasirinsa yana bin yaro har bayan shekara bakwai ko takwas.

Oakland: darasi a cikin jadawali

Daga cikin waɗanda suka ɗauki wannan magana da muhimmanci akwai hukumar makarantun birnin Oakland a jihar Kalifoniya. A 2010 ta buɗe ofishi na musamman don ci gaban ɗalibai maza baƙar fata, ta damƙa shi a hannun wani malami mai suna Chris Chatmon. Dabararsa ita ce kada a mai da abin taron ƙarshen mako ko lacca ta shekara-shekara. Sai aka sa shi cikin jadawalin makaranta kamar lissafi da Turanci, darasi ne da malami namiji baƙar fata yake koyarwa a lokacin karatu. Ana karanta tarihin Afirka da na baƙar fatar Amurka, ana duba makin kowane yaro, ana kai su ziyarar jami'o'i. A ajin kuma da "sarki" ake kiran kowane yaro, don kunnen da ya saba jin "mara ji" ya ji wani suna daban.

A 2019 Thomas Dee da Emily Penner suka auna sakamakon. Suka samu cewa a makarantun da shirin ya shiga, yawan maza baƙar fata masu barin karatu a cikin shekara ya ragu da kusan kashi 43 cikin ɗari. Har 'yan mata baƙar fata, waɗanda ba sa cikin ajin, su ma an ga ɗan sauƙi a wajensu. Yanzu Chatmon yana jagorantar wata ƙungiya mai suna Kingmakers of Oakland, wato masu naɗa sarakuna, wadda ke kai tsarin zuwa wasu garuruwa.

Shikago: ƙwallo a cikin dunƙule

A birnin Shikago, inda harbe-harbe ke cin rayukan samari, wani mai ba ɗalibai shawara, Anthony Ramirez-Di Vittorio, ya kafa shirin Becoming a Man, wato zama cikakken namiji. Sau ɗaya a mako samari, baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, suna zama a da'ira tare da jagora, kowa ya faɗi halin da yake ciki.

Akwai wani wasa da suke fara shirin da shi. A raba yara biyu-biyu, a ba ɗaya ƙaramar ƙwallo ya dunƙule a hannu, a ce wa ɗayan yana da daƙiƙa talatin ya karɓo ta. Nan take sai kokawa ta kaure, ana murɗe hannu ana ɓamɓare yatsu. In lokaci ya cika, jagora ya tambaya: me ya hana ka ce masa ya ba ka? Sai yaro ya ce ai ba zai bayar ba, kuma zai raina ni. A juya ga mai ƙwallon: da ya roƙe ka fa? Yawanci amsar ita ce da na ba shi, ai ƙwallo ce kawai. Darasin ke nan: ka tsaya, ka ja numfashi, ka duba ko abin da ka zata shi ne gaskiya kafin hannunka ya riga hankalinka.

Masana a Jami'ar Shikago sun gwada shirin ta hanyar ƙuri'a, kamar yadda ake gwada magani. A gwajin farko samari 2,740 ne, wasu suka shiga, wasu ba su shiga ba. A lokacin da shirin ke gudana, kamun da 'yan sanda ke yi wa mahalarta kan laifin tashin hankali ya ragu da kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, kuma daga baya yawan masu kammala sakandare a cikinsu ya ƙaru da kashi 12 zuwa 19. Sai dai fa, da shirin ya ƙare, raguwar kamun ta dushe. Wannan ma darasi ne. Tarbiyya ba allurar rigakafi ba ce da za a yi sau ɗaya a tafi.

Makarantun maza zalla

Wasu kuma sun ga gara su gina makarantarsu. A 2004 David Banks, tare da ƙungiyar One Hundred Black Men ta New York, ya buɗe Eagle Academy a Bronx, makarantar gwamnati ta maza zalla. Abin da ya zaburar da su shi ne wani nazari da wasu fursunoni suka yi da kansu, wanda ya nuna cewa kusan kashi 75 cikin ɗari na mutanen da ke gidajen yarin jihar daga unguwanni bakwai kacal na birnin suka fito. Suka ce to a irin waɗannan unguwannin za mu kafa makaranta. Ana tsawaita lokacin karatu, ana zuwa ranar Asabar, ana haɗa yara da manyan da za su riƙa bibiyarsu. Yau makarantun sun kai shida, kuma Banks ya riƙe shugabancin dukkan makarantun gwamnati na birnin New York daga 2022 zuwa 2024.

A Shikago kuwa an yi Urban Prep, wadda ta buɗe a unguwar Englewood a 2006. A 2010 duka ɗalibanta 107 na ajin ƙarshe suka samu gurbi a jami'a, kuma duk wanda ya samu gurbi ana sauya masa jan laktaye da mai ratsin ruwan zinare a gaban taro. Hotunan sun zagaye duniya. Amma masu sa ido sun yi ta tambayar ina sauran yaran da aka fara da su a aji ɗaya, domin waɗanda suka kai ƙarshe ba su kai waɗanda suka shiga ba. A 2022 kuma hukumar makarantun birnin ta yanke shawarar karɓe makarantun, tana kafa hujja da matsalolin gudanarwa da na kuɗi, har magana ta kai kotu. Kwat da laktaye suna da kyau a hoto, amma makaranta ba ta tsayuwa sai da riƙon amana da lissafi mai tsabta.

Masu shuka malamai

Idan malami guda yana da irin tasirin da aka auna, to babban aiki shi ne samar da malaman. A shekarar 2000 Jami'ar Clemson a Karolina ta Kudu, tare da wasu kwalejoji uku na baƙar fata, ta fara shirin Call Me MISTER, wato ka kira ni malam. Ana ɗaukar samari, a taimaka musu da kuɗin karatu, a horar da su tare a matsayin tawaga ɗaya, da sharaɗin za su koma aji su koyar. Roy Jones ya daɗe yana jagorantar shirin, kuma yanzu ya bazu zuwa wasu jihohi.

A Filadelfiya akwai Sharif El-Mekki, Musulmi ne da ya daɗe yana koyarwa da shugabantar makaranta. Yana saurayi wani matashi ya harbe shi bayan wata taƙaddama a filin ƙwallo, kuma bayan ya warke ya zaɓi ya shiga aji don ya riski irin wannan matashi tun kafin ya ɗauki bindiga. A 2019 ya kafa cibiyar bunƙasa malamai baƙar fata. Ɗaya daga cikin dabarunsa ita ce a lokacin hutu a ɗauki 'yan sakandare da 'yan jami'a su koya wa ƙananan yara karatu. Ƙanana suna samun karatu, manyan kuma suna ɗanɗana aikin koyarwa tun da wuri, domin da wuya yaro ya yi sha'awar sana'ar da ba wanda ya taɓa gayyatarsa cikinta.

Obama, da masu suka

Kisan Trayvon Martin, ɗan shekara 17, a jihar Fulorida a watan Fabrairun 2012, shi ya kai maganar har fadar shugaban ƙasa. A 2013 Barack Obama ya zauna a da'irar Becoming a Man a wata sakandare a Shikago, ya faɗa wa samarin cewa shi ma ya tashi babu uba a gida, kuma ya yi kurakurai. A watan Fabrairun 2014 ya ƙaddamar da shirin My Brother's Keeper, wato ni ne mai tsaron ɗan'uwana, inda gidauniyoyi suka yi alƙawarin dala miliyan 200 cikin shekara biyar. Yau shirin yana ƙarƙashin gidauniyar Obama.

Suka ta zo ta fuska biyu. Mata sama da dubu sun sa hannu a wata wasiƙa suna tambayar me ya sa aka bar 'yan mata a baya, alhali su ma ana dakatar da su fiye da takwarorinsu farar fata. Wasu kuma sun ce shirye-shiryen nan suna ƙoƙarin gyara yaro ne, suna barin tsarin da ya karya shi: unguwannin da aka ware, makarantun da kuɗinsu ya dogara da harajin gidajen unguwa, ta yadda unguwar talaka ke samun makarantar talaka.

Yanzu kuma iska ta juya. A 2023 kotun ƙoli ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'a, kuma a 2025 gwamnatin Donald Trump ta buɗe bincike a kan shirin tallafa wa ɗalibai baƙar fata na hukumar makarantun Shikago, tana cewa wariya ce. Duk shirin da ya ambaci baƙar fata a sunansa yanzu yana tafiya ne yana waiwaye.

Abin da ya rage a hannunmu

In aka tara waɗannan duka, abin da ya fi fitowa fili shi ne, shirye-shiryen da aka auna aka ga sun yi aiki sun yi tarayya a abu ɗaya: babban mutum da yaro yake gani a kai a kai, wanda ya san sunansa, yake tsammanin alheri daga gare shi, yake kuma tambayarsa in ya ga bai zo ba. Gangami da jawabi suna jawo kuɗi da 'yan jarida, amma wannan mutumin shi ne ke riƙe yaro a aji.

Ga 'yan'uwanmu da ke can, waɗanda da yawansu ke aikin dare da rana don su aiko da na cefane gida, shawarar ita ce uba ya san malamin ɗansa ido da ido tun kafin a kira shi kan laifi. In an ce za a dakatar da yaro, a nemi dalili a rubuce, a tambayi ko akwai wani hukuncin da ba zai raba shi da darasi ba. A kuma bincika ko makarantar tana da irin waɗannan shirye-shirye.

Mu kuma na gida, launin fata ba shi ne matsalarmu ba, amma mun san yadda kalmar "ɗan zango" take sauka a kunnen wasu, mun kuma san yaranmu maza nawa ne suke ajiye littafi su kama acaba ko su bi hanyar hamada. Samarinmu da suka yi karatu, nawa ne a cikinsu suke neman kwalejin horon malamai da son ransu, ba don sun rasa wani gurbin ba? Nawa ne cikin magidantanmu za su iya ware awa ɗaya a mako su zauna da yara goma na layinsu, su duba littattafansu, su ji damuwarsu? Wannan ba ya buƙatar dala miliyan 200. Tabarma ce, da lokaci, da mutumin da zai dawo mako mai zuwa.